Darasi: Jam'in Sunayen Turanci Masu Kauce wa Ƙa'ida

Wanda ya fara koyon Turanci da girmansa yakan ji daɗin darasin jam'i a ranar farko. Ana gaya masa cewa idan abu ya wuce ɗaya, sai a liƙa wa sunan harafin *s* a ƙarshe: *book* ya koma *books*, *car* ya koma *cars*. Idan kuma sunan ya ƙare da *s*, *sh*, *ch* ko *x*, sai a ƙara *es*, kamar *bus* da *buses*, *box* da *boxes*. Ƙa'ida guda ta kwashe dubban sunaye. Amma daɗin ba ya nisa. Ranar da ɗalibi ya rubuta *childs* ko *mans* ko *foots*, jan biro zai hau takardarsa, daga nan sai a miƙa masa dogon jerin kalmomi a ce ya haddace, wai waɗannan ba su da ƙa'ida, haka Turawa suka ga damar yi. Wannan bayani gajere ne, kuma yana kashe gwiwar mai koyo. Abin da darasin nan zai tabbatar shi ne, sunayen da ke kauce wa ƙa'idar *s* ba su da yawa, kowannensu yana da dangi, kuma kowane dangi a zamaninsa ƙa'ida ce mai cin gashin kanta. Wanda ya san dangin ya san dalilinsu, haddar da ta rage masa kaɗan ce.

Kafin mu shiga Turanci, ya kamata Bahaushe ya dubi abin da ke bakinsa. Muna cewa gida da gidaje, riga da riguna, malam da malamai, yaro da yara, kare da karnuka, doki da dawaki, akuya da awaki, tunkiya da tumaki, mace da mata, Bahaushe da Hausawa. Babu ɗafa-ƙeya guda da ya ɗauki waɗannan duka. Masanin harshe Paul Newman, a babban littafinsa na nahawun Hausa da ya fito a 2000, ya kasa hanyoyin jam'inmu zuwa rukunai fiye da goma. Baturen da ke koyon Hausa dole ya riƙe jam'in kusan kowane suna da ka, alhali yaron Kano ko na Damagaram ɗan shekara shida yana faɗar dawaki da tumaki ba tare da ya tsaya tunani ba. Wanda kuma ya yi karatun Larabci a zaure ya san bambancin jam'i lafiyayye da karyayyen jam'i, wato jam'ut taksir, inda *kitab* ke zama *kutub*, *rajul* ya zama *rijal*, a fasa cikin kalmar a sake gina ta. Idan aka auna da waɗannan, kauce-kaucen Turanci ƙaramin al'amari ne. Bahaushe ya shigo ajin nan da kunnen da ya riga ya saba da jam'i iri-iri, kuma wannan jari ne da malamai ba su cika amfani da shi ba.

Turanci ma ya taɓa zama haka. Ƙabilun da suka tsallaka zuwa tsibirin Birtaniya daga yankin arewacin Jamus da Denmak a ƙarni na 5 sun zo da harshe mai rukunan sunaye da dama, kowane da hanyar jam'insa. Wasu sunaye suna ɗaukar *as*, kamar *stan* da *stanas*, wato dutse da duwatsu. Wasu suna ɗaukar *an*, wasu *u*, wasu suna sauya wasalin ciki, wasu kuma ba sa sauyawa ko kaɗan. Daga baya wasulan ƙarshen kalma suka yi rauni a baki, har bambancin rukunan ya fara ɓacewa. Bayan Wiliyam na Normandi ya ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na ƙarnuka, Turanci kuwa ya ci gaba da sauyawa a bakin talakawa ba tare da wani ya tsare masa rubutu ba. A wannan tsakanin ne rukunin *stanas* ya rinjayi sauran, ya faro daga arewacin ƙasar ya gangara kudu, yana janye sunaye ɗaya bayan ɗaya. Shi ne *s* ɗin da muke koya a yau. Sunayen da muke kira masu kauce wa ƙa'ida su ne 'yan tsirarun da bai iya janyewa ba.

Dangi na farko, wanda ya fi ba mutane mamaki, shi ne na masu sauya wasalin ciki. Su bakwai ne kacal: *man* da *men*, *woman* da *women*, *foot* da *feet*, *tooth* da *teeth*, *goose* da *geese*, *mouse* da *mice*, *louse* da *lice*. Wato namiji, mace, ƙafa, haƙori, dinya, ɓera da ƙwarƙwata. Tun kafin a fara rubuta Turanci, jam'in waɗannan kalmomi yana da ɗafa-ƙeya mai wasalin *i*. Wasalin *o* na cikin kalmar *foot* ana furta shi ne a can ƙuryar baki, shi kuwa *i* a gaba. Mai magana da sauri, da yake ya san *i* na tafe, sai harshensa ya matso gaba tun bai iso wurin ba, *o* ɗin ya karkata zuwa *e*. Da tafiya ta yi tafiya, ɗafa-ƙeyar ta zube gaba ɗaya, aka bar sauyin wasalin shi kaɗai a matsayin alamar jam'i. Wannan abu ba baƙo ba ne a wurinmu. Jam'in taga tagogi ne, na hanya hanyoyi, wato a maimaita baƙin ƙarshe. In da haka za a bi, jam'in mota sai ya zama "mototi", amma muna cewa motoci, domin *t* idan ya haɗu da *i* yakan koma *c*. Jam'in wuri wurare ne, don haka da na gida ya zama "gidade", na ƙasa "ƙasase", sai ga shi muna cewa gidaje da ƙasashe. Malaman Hausa suna kiran wannan ganɗantawa. Wasalin gaba ne ke jan sautin da ya gabace shi zuwa gare shi: a Hausa baƙi yake ja, a tsohon Turanci ya ja wasali. Ko ba a jam'i ba, sawun wannan sauyi yana nan a Turanci, tsakanin *long* da *length*, *strong* da *strength*, *blood* da *bleed*, *food* da *feed*. Jamusanci, ɗan'uwan Turanci na jini, har yau yana jam'in ƙafa da ɓera da littafi ta wannan hanya. Kalmar *woman* kuwa tana cikin dangin ne saboda asalinta haɗi ne na *wif* da *man*, kuma a lura cewa a baki, gaɓar farko ce ke sauyawa: tilo kamar "wuman", jam'i kamar "wimin".

Dangi na biyu shi ne na masu ƙarewa da *en*, kuma uku suka rage: *ox* da *oxen*, wato takarkari ko san huɗa, *child* da *children*, sai *brethren*, tsohon jam'in *brother*, wanda yanzu ba a jin sa sai a coci da wasu ƙungiyoyi, don *brothers* ya maye gurbinsa a maganar yau da kullum. Da can dangin babba ne, musamman a kudancin Ingila. Mawaƙi Chaucer, wanda ya rasu a 1400, yana rubuta jam'in ido da *eyen*, kuma fassarar Baibul ta Sarki Jemis ta 1611 tana kiran shanun nan bakwai na mafarkin sarkin Masar *kine*, inda yau za a ce *cows*. Kalmar *children* tana da labarin kanta. Tsohon jam'inta *cildru* ne, ya koma *childer*, wanda ya daɗe a bakin mutanen arewacin Ingila. Da mutane suka daina jin *r* ɗin a matsayin alamar jam'i, sai suka ƙara masa *en*. Ke nan jam'i biyu ne a kan juna, kamar yadda muke ɗora mazaje a kan maza, alhali maza ma jam'i ne. Wanda ya rubuta *childrens* ya ɗora na uku, kuma wannan kuskure ne da ake yawan gani a allunan makarantu da shaguna.

Akwai kuma waɗanda tilonsu da jam'insu ɗaya ne. *Sheep*, wato tunkiya, da *deer*, dangin barewa, sun gaji haka tun daga tsohon rukuninsu, sai *fish* da sunayen wasu kifaye da namun farauta suka bi sahu daga baya, haka ma *aircraft*, *series* da *species*. A nan adadi ko aikatau ne ke nuna yawa: *one sheep is*, *ten sheep are*. Kuɗinmu ma ya shiga wannan layi. Tun da aka fito da naira a 1973, abin da ke rubuce a takardar kuɗi shi ne *naira*, komai yawan adadin, ba a ƙara mata *s*.

Dangi na huɗu ya fi buƙatar kunne. Sunaye goma sha 'yan kai masu ƙarewa da *f* ko *fe* suna komawa *ves*: *leaf* da *leaves*, *knife* da *knives*, *wife* da *wives*, *life* da *lives*, *thief* da *thieves*, *half* da *halves*, haka *wolf*, *calf*, *loaf*, *shelf* da *self*. Dalili shi ne, a tsohon Turanci harafin *f* idan ya faɗo tsakanin sautuka masu ziza, furta shi ake yi kamar *v*. Tilon kyarkeci *wulf* ne, *f* yana ƙarshe, jam'insa *wulfas*, *f* ya shiga tsakiya ya yi ziza. Furucin ya tsaya, daga baya rubutu ya bi shi. Wahalar Bahaushe a nan ta furuci ce, domin Hausa ba ta da sautin *v*. Shi ya sa muka mayar da kalmar Turawa ta matuƙin mota direba. Ana yin *v* ne da ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa, a bar maƙogwaro ya yi ziza. Wanda bai horar da bakinsa da kunnensa a kan wannan ba, zai yi ta rubuta *wifes* da *knifes* ko da ya haddace jerin.

To me ya hana ƙa'idar *s* ta haɗiye waɗannan ma? Ai ta haɗiye da yawa. Jam'in *book* a da *bec* ne, *goat* da *cow* su ma da sauyin wasali suke jam'i, yau duk sun miƙa wuya. Abin da ya tsare sauran shi ne yawan amfani. Turbar da ake bi safe da yamma ciyawa ba ta rufe ta. Yaro Bature yana jin *men* da *children* da *feet* sau da yawa a rana tun bai iya magana ba, don haka suna zaunawa a kansa kafin ƙa'idar *s* ta samu wurin shiga. A 1958 wata masaniya a Amurka, Jean Berko, ta nuna wa ƙananan yara zanen wata halitta da ta ƙirƙira ta sa mata suna *wug*, sannan ta nuna musu guda biyu, yaran suka ce *wugs*, kalmar da ba su taɓa ji ba. Wannan ya nuna cewa duk inda ƙwaƙwalwa ba ta riƙe wani jam'i na musamman ba, ƙa'ida ce ke cike gurbin. A 2007 wasu masu bincike na Jami'ar Harvard sun bi diddigin aikatau 177 masu kauce wa ƙa'ida a tsohon Turanci, suka ga 98 ne suka rage a haka, kuma waɗanda ba a cika amfani da su ba ne suka fi saurin komawa bin ƙa'ida. Binciken a kan aikatau ne, amma dalilin ya hau kan sunaye. Wani zai ce, to dinya da ƙwarƙwata da takarkari fa, su ma kullum ake ambatonsu? A Ingilar manoma ta wancan zamani, ƙwarai kuwa. Kuma abubuwa ne da aka fi ambata da yawa: ƙwarƙwata ba ta zuwa ita kaɗai, shanun huɗa bibbiyu ake ɗaura su, ƙafafu da haƙora ma haka. Jam'in ya fi tilon yawo a baki, shi ya sa bai mutu ba.

Dangi na ƙarshe baƙi ne, ba gado ba. Masu ilimi sun aro kalmomi daga Latin da Girkanci, suka zo da su tare da jam'insu na gida: *crisis* da *crises*, *analysis* da *analyses*, *basis* da *bases*, *criterion* da *criteria*, *phenomenon* da *phenomena*, *curriculum* da *curricula*, *alumnus* da *alumni*. Waɗannan na ofis ne da jarida da makaranta, kuma su ne ke motsi a gaban idonmu. *Formulas* da *stadiums* da *syllabuses* duk karɓaɓɓu ne yau. *Agenda* asalinta jam'i ce, amma ta zama tilo har ana cewa *agendas*. *Data* da *media* suna tsakiya, wasu na ɗaukarsu jam'i, wasu tilo. Shawara a nan ita ce a riƙe na *is* da *es* da kyau, domin ba su da wata hanya, a kiyaye kada a ce *a criteria* ko *a phenomena* a rubutun hukuma, sauran kuma a duba ƙamus, don kowane ƙamus na kirki yana nuna jam'in da ya kauce.

Suka ta farko ita ce, mai sana'a da ya zo ajin yamma bayan gajiyar yini yana iya cewa, ina ruwana da ƙarni na 5 da Wiliyam na Normandi, ni wasiƙa nake so in rubuta, in cika takardar banki, in taya ɗana aikin gida. Maganarsa tana da ƙarfi, kuma babu mai tambayarsa shekarar 1066 a wurin aiki. Amma babba ba ya koyo irin na yaro. Yaro yana da shekaru na ji da maimaitawa, babba kuwa 'yan sa'o'i gare shi a mako, sai dai yana da hankalin haɗa wannan da wancan. Kalmomi arba'in a jere ba tare da dalili ba nauyi arba'in ne, amma dangi biyar masu dalili nauyi biyar ne. Wanda ya fahimci cewa *men* na dangin sauyin wasali ne, ba sai an koya masa *policemen* da *chairmen* da *businesswomen* dabam ba, haka *grandchildren* da *housewives*. Tarihin ba don a haddace shi aka kawo shi ba. Amfaninsa shi ne ya ɗaure kalmomin wuri guda a ka.

Suka ta biyu ta fi kaifi: dangin nan suna yoyo. Idan *mouse* ya ba da *mice*, me ya hana *house* ya ba da "hice"? Idan *leaf* ya ba da *leaves*, don me ake cewa *chiefs* da *roofs* da *beliefs*? Don me *humans* da *Germans*, ba "humen" ba? Gaskiya ne kamannin kalma ba ya isa a gane danginta. Amma yawancin yoyon yana da bayani. *House* bai taɓa zama a rukunin *mouse* ba, kama ce kawai ta sauti. *Chief* da *proof* da *safe* daga Faransanci suka shigo, bayan tsohuwar al'adar furucin ta daina aiki. *Human* da *German* daga Latin suke, babu kalmar *man* a cikinsu. Wasu kuma, irin su *roofs*, sun koma bin ƙa'ida ne kawai, wasu na tsaka-tsaki, ana cewa *scarfs* ana cewa *scarves*. Abin da wannan suka ke koyarwa shi ne, dangin gado kusan a rufe suke, ba su cika karɓar sabon shiga ba. Saboda haka hanyar aiki mai sauƙi ce: a san 'yan gidan da sunayensu, duk wanda ba ya cikinsu a ba shi *s*. Wanda ya yi haka zai dace a mafi yawan lokuta.

Suka ta uku ita ce, ai ko an ce *two mans* za a gane, kuma a Nijeriya manyan mutane ma suna cewa *equipments* da *informations* da *staffs*. Za a gane, babu musu, kuma Turancin Nijeriya yana da nasa halaye da ba abin kunya ba ne a hira. Sai dai mai duba takardar WAEC ko NECO, da mai tace takardun neman aiki, da ma'aunin daidaitaccen Turanci suke aiki, kuma ɗalibi yana da haƙƙin a gaya masa wannan a fili. Kuskuren *informations* ma yana da tushe a harshenmu. Muna cewa bayani da bayanai, shawara da shawarwari, labari da labarai, don haka hannu yakan kai ga *s* da kansa. Turanci kuwa ya ɗauki *information*, *advice*, *news*, *furniture*, *equipment* da *luggage* a matsayin abubuwan da ba a ƙirgawa, kamar yadda muke ɗaukar gishiri ko gero. In ana son guda ɗaya sai a ce *a piece of advice*, in ma'aikaci ɗaya ne a ce *a member of staff*. Akwai kuma kuskuren da ke zuwa ta ɗaya gefen. Hausa ta yarda a ce shekara goma, kwana uku, mota biyu, suna yana tilo adadi na nuna yawa. Turanci bai yarda ba: *ten years*, *three days*, *two cars*, *five children*.

Saura abu biyu da ke tafiya da waɗannan sunaye a cikin jimla. Na farko, jam'in da ba shi da *s* jam'i ne cikakke, don haka aikatau da kalmar nuni dole su dace da shi: *the children are*, *these women have*, *my feet hurt*. Haka *people* da *police* da *cattle*, kullum *are* suke ɗauka. Na biyu, wajen nuna mallaka ana sa alamar (') kafin *s*: *children's books*, *women's centre*, *men's shoes*. Kafin darasi na gaba, kowane ɗalibi ya raba shafi gida biyar, ya rubuta 'yan kowane dangi a gidansu, sannan ya gina jimla ɗaya da kowane jam'i a kan aikinsa ko iyalinsa ko kasuwarsa, ya karanta ta da ƙarfi har bakinsa ya saba. A kuma zo da jarida ɗaya ta Turanci, an ja layi a ƙarƙashin duk jam'in da ba *s* kaɗai aka ƙara masa ba, domin da ita za mu fara aiki a aji.